Yaryaɗin da Aka Yi wa Suna Sau Biyu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya ba kowane tsiro ganyensa, ya ba kowane ganye bakin da zai ci shi. Ni ne Jatau ɗan Nomau, na Gidan Raɗi a birnin Kwalfa. Na tafi da ƙafata, na gani da idona, na dawo da abin da ban je nema ba.

Birninmu yana bakin Kogin Maraƙi, a ƙasar da rani ke yin wata takwas. Idan ciyawa ta ƙare, ba abin da ke saura kore sai yaryaɗi, tsiron nan mai yaɗo da fure kamar mazurari, wanda ke buɗewa da asuba ya rufe kafin hantsi ya yi ƙarfi. Da shi dabbobinmu ke kai wa damina. To amma yaryaɗi dangi ne mai yawa, wani abinci ne, wani ajali. Saboda haka ba a sakin dabba a kan sabon yaryaɗi sai gidanmu ya faɗi sunansa.

Yadda ake yi wa jariri, haka muke yi wa tsiro. Ranar da ya fara fure ita ce ranar haihuwarsa. Kwana bakwai sai a taru da sassafe, a raba goro, mai raɗi ya durƙusa ya dubi furen. In sananne ne ya kira shi da sunansa na da, in baƙo ne ya raɗa masa sabo. Sunaye arba'in da ɗaya muka gada, akwai Shuɗin Asuba, akwai Jan Kunne, akwai Wuyan Kurciya, akwai Farar Goggo wadda awaki suka fi so. Shekara talatin mahaifina yana wannan aiki, ko kaza ba ta taɓa mutuwa a kan maganarsa ba.

Wata shekara aka yi ambaliya daga can saman kogi. Da ruwa ya janye, sai wani yaryaɗi ya rufe fadamar yamma, furensa fari, maƙogwaronsa ja kamar an ɗiga zoɓo. Ran bakwai Baba ya durƙusa ya duba, ya miƙe yana murmushi ya ce, "Farar Goggo ce. Ku saki dabbobinku." Aka sake su. Kwana uku suka fara karkarwa, suna tangaɗi, suna faɗuwa. Kafin mako ya zagayo mun binne fiye da ɗari uku.

Aka cinna wa fadamar wuta, aka kuma daina gai da mahaifina. Mutum ɗaya ce ba ta daina ba, Iya Lantana, wadda mijinta ya rasu ya bar mata awaki tara, taran kuma suka tafi a fadamar nan. Kullum safiya sai ta tsaya a ƙofar zaurenmu ta ce, "Malam Nomau, an tashi lafiya?" Wannan gaisuwa ta fi zagin gari duka yi masa ciwo. Shi dai maganarsa ɗaya ce: "Farar Goggo na gani. Idona bai yi mini ƙarya ba." Daga baya ma ya daina fitowa zaure.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hannu. Wani mahauci ya ce a kasuwa tsufa ya ci idon Nomau, na fasa masa baki. Aka kai ni gaban Gwadabe, shugaban makiyaya, a can na rantse zan bi kogi har inda ambaliyar ta fito, in kawo shaidar cewa ubana bai yi kuskure ba, wani abu dabam ne ya kashe dabbobi.

Gwadabe ya dube ni ya ce, "Je ka, ɗan Nomau, amma ka dawo kafin rani mai zuwa. Abin nan zai sake tofowa daga ƙarƙashin toka. In Farar Goggo ce, mu ba ubanka haƙuri a gaban kowa, mu saki dabbobi. In ba ita ba ce, gara mu sani."

Kafin in tafi na zaga gefen da wuta ba ta ci ba, na karyo reshe ɗaya mai busassun kwanso, na ƙulle a tsumma na jefa a jaka. Ban buɗe kwanson ba. A gidanmu fure ake dubawa, ba wanda ya taɓa damuwa da abin da ke biyo bayansa.

Kwana ashirin ina bin gaɓar kogi, sai na iso Birnin Hantsi. Mutanen wannan gari suna da doka: ba a buɗe ƙofa ko taga sai rana ta ɗaga sosai, domin wai wani sarkinsu na da ya fita da asuba bai dawo ba. Ganuwarsu da katangunsu duk yaryaɗi ya lulluɓe, amma tun da aka kafa dokar ba wanda ya ga furensa a buɗe. Abin da suke gani kawai shi ne ƙullutu da yamma, da yanƙwanannen abu da hantsi. Suna kiransa Marowaci.

Bakina bai iya zama ba. Na tsaya a tsakiyar kasuwa na ce, "Wane irin Marowaci? Wannan ai Shuɗin Asuba ne, ba furen da ya kai shi kyau!" Nan take aka yi ram da ni sai gaban alƙali.

Alƙalin ya ce, "Baƙo, abu biyu ne. In ka ga furen a garin nan, ka fita kafin lokaci, hukuncinka a jefa ka rijiya. In ba ka gani ba, ƙarya ka yi wa jama'a, hukuncinka a yanke harshe. Wanne ka zaɓa?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko ɗaya. A ba ni randa da kwana ɗaya, in nuna muku shi a lokacinku."

Da magariba, a gaban dogarai, na jiƙa randar na kifa ta a kan wani reshe mai ƙullutu uku. Baba ya taɓa gaya mini cewa yaryaɗi ya san lokacin buɗewarsa ko a cikin duhu, zafin rana ne kawai ke rufe shi. Washegari da hantsi gari ya taru, na ɗaga randa. Ga fure uku a buɗe, shuɗi shar. Wani tsoho ya matso yana dogara sanda, ya durƙusa, ya ce, "Shekara saba'in abin nan yana bayan ɗakina." Ya fashe da kuka.

Suka ba ni kwalekwale da guzuri. Na tafi ina yi musu dariya a raina, mutanen da suka ga rabin abu suka sa masa suna. Ko kaɗan ban kawo gidanmu a wannan dariya ba.

Bayan wata guda kogi ya tsuke, duwatsu suka tare hanya, dole na bar kwalekwale na shiga Dajin Ɗaure a ƙasa. Yaryaɗin wannan daji kaurinsa ya kai igiyar guga, kuma kana kallonsa yana tsawo. Na wuce ƙasusuwan jakuna da na mutane a naɗe a cikinsa, kowane mutum da wuƙa a kusa da hannunsa. Na ce a raina waɗannan ragwaye ne. Da azahar gajiya ta kama ni, na jingina da wata bishiya don in huta kaɗan, barci ya sace ni.

Na farka na ji ni a ɗaure tun daga idon sawu har ƙirji. Hannu ɗaya ne ya rage a waje. Na zaro wuƙa na yanke igiya ɗaya, sai biyu suka fito daga wurin yankan suka kama wuyan hannuna. A nan na gane abin da ya kashe masu wuƙaƙen nan, tsoro kuma ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ina cikin haka na tuna wata safiya ina yaro, Baba ya kama yatsana ya bi da shi jikin wani yaryaɗi da ya hau karan dawa. Ya ce, "Duba, Jatau. Duk yaryaɗin duniya hannu ɗaya yake naɗi. Ba ya sauyawa, ko ka juya shi da ƙarfi zai koma." Na saki wuƙar. Na dubi yadda igiyar ta zagaye ƙirjina, na kwanta na fara mirginawa ta kishiyar hannun da ta naɗe, sannu a hankali, kamar ana warware rawani. Zagaye na tara na ji ƙafafuna sun fita. Na tashi na zuba da gudu, ban tsaya ba sai da na ga sarari.

Da na sami numfashi na ɗaga hannu sama na ce, "Mutumin da ya san wannan ba zai yi kuskure a kan Farar Goggo ba!" Ban taɓa son mahaifina kamar ranar ba.

Ƙarshen tafiyata shi ne Tafkin Mafari, inda kogin ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse. Bukka ɗaya ce a wurin, an rataye goruna sun fi ɗari a jikinta, kowane gora da irin tsiro a ciki. Mai bukkar wata tsohuwa ce, Inna Dudu, gajera, mai kaifin harshe, tana zaune da jar akuyarta. Na gaishe ta, na kwashe labarina duka na gaya mata, har da kirarin gidanmu. Tsumman ne kawai ban ambata ba.

Ta ce, "To, ɗan gidan masu suna, mu kwana mu tashi."

Da asuba ta kai ni bakin tafki, ta nuna mini yaryaɗi biyu suna yaɗo kusa da juna. Ta ce, "Wanne ne Farar Goggon taku?"

Na durƙusa kamar yadda Baba ke yi. Na duba fure, fari da jan maƙogwaro. Na duba ganye, na shinshina, na murza. Na ce, "Duka biyun ita ce."

Ta saki akuyar. Akuya ta nufi na dama ta hau ci. Inna Dudu ta ja ta zuwa na hagu, akuya ta yi atishawa ta kau da kai, ta toge.

"Awakinmu na nan sun san shi," in ji ta. "Kakanninsu sun mutu sun bar musu wayo. Naku baƙi ne a wurinsa."

Na daure na ce, "Inna, akuya ba shaida ba ce. Ta ina mutum zai bambanta su?"

"Ka jira."

"Har yaushe?"

"Har ka gani. Ga tulu can, tafki bai yi nisa ba."

Kwana hamsin na yi ina ɗebo mata ruwa, ina shanya kifi, ina cika ina batsewa. Sau biyu na ɗaura jakata na ce tafiya zan yi. Ta ce, "Sauka lafiya, ba a kulle hanya ba." Sau biyun na kwance jakar. Furanni suka zube, kwanso ya fito kore, ya yi ƙwari, ya bushe. Ran da ya fara tsagewa ta kira ni. Ta fasa na dama a tafin hannuna, 'ya'ya huɗu baƙaƙe, sumul. Ta fasa na hagu a ɗaya hannun, su ma huɗu baƙaƙe, amma gefensu da gashi ja-ja, siriri, kamar gemun ɗan bunsuru.

Na ce, "Ai kina da su a goruna. Me ya sa kika tsare ni kwana hamsin?"

"Da na ɗauko daga gora, da ka ce tsohuwa ta musanya. Tun daga sallamarka na san kai ɗan gardama ne." Ta gyara zama. "Ku kwana nawa kuke jira kafin ku sa suna?"

"Bakwai. Kamar na jariri."

Ta tuntsire da dariya, sai kuma ta dubi fuskata ta daina. Ta ce, "Kwana bakwai ko kwanso bai ɗaura ba, ɗana. Kama da wane ba ta wane. Fito da abin da kake ɓoyewa a jaka. Kullum sai ka taɓa wurin kafin ka zauna."

Wata huɗu ina ɗauke da tsumman nan a matsayin shaidar mahaifina. Na kwance shi, na fasa kwanso ɗaya da farce. Gashi ne a jikin 'ya'yan. Na fasa na biyu, na uku, har na ƙarshe, ina neman ko ɗaya mai sumul. Babu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan baƙin ciki da kunya, har da haushin tsohuwar da ba ta yi mini komai ba sai gaskiya.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ƙulla mini iri biyu a tsumma biyu, ta nuna mini hanyar tudu da ke kauce wa Dajin Ɗaure, ta ce, "Abin da za ka yi da su, kai da Allahnka."

A hanya Shaiɗan ya raka ni, kuma ba zan ɓoye ba, na saurare shi. Ba wanda ya san abin da na gani. In na ce na je mafarin kogi na tarar da Farar Goggo, awaki na ci suna ƙiba, ga ma irinta, wa zai ƙaryata? Gwadabe zai durƙusa a gaban Baba, ni kuma in bi fadama a ɓoye in tuge abin. Na san ƙarya nake yi wa kaina, domin irin da ambaliya ta binne ba ya tuguwa. Duk da haka sau uku ina tsayawa a bakin kogi da ƙullin mai gashi a hannu zan jefa. Ban jefa ba, ban kuma yanke shawara ba, har na hango ganuwar Kwalfa.

Na iso ciyawa ta riga ta bushe. Fadamar yamma ta yi kore shar, fararen furanni sun rufe ta, an kewaye ta da ƙaya, dabbobi na tsaye a bayan ƙayar suna kuka. Mutum na farko da na fara cin karo da shi Iya Lantana ce. Tana riƙe da igiyar wata 'yar akuya ramammiya da wani ɗan'uwanta ya ba ta.

Ta ce, "Jatau, sannu da hanya. Ita ke nan gare ni. In sake ta?"

Na ce, "Ki ɗan dakata, Iya." Na wuce ban iya haɗa ido da ita ba, amma na gaya wa Baba tambayarta tun kafin in ajiye jaka.

Na same shi a ɗaki ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na ba shi labarin tafki da akuya da kwana hamsin. Na zuba masa mai sumul a hannun dama, mai gashi a hagu. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, yana murza su da babban yatsa, ya daɗe.

Ya ce, "Wanne ne na fadamarmu?"

Na dubi hannunsa na hagu.

"To, ka faɗa."

Na matso kusa na rage murya. "Baba, ba wanda ya sani sai ni da kai."

Ya ce, "Da akuyar Lantana. Ita ma za ta sani, kwana uku bayan an sake ta." Ya rufe hannunsa na hagu. "Shekara guda ina cewa idona bai yi mini ƙarya ba. Ashe bai yi ba, abin da na nuna masa ya gani. Ɗauko mini babbar rigata, ka aika a sayo goro, a gaya wa Gwadabe gobe akwai suna."

Da sassafe gari ya taru a bakin fadama, har da mahaucin da na fasa wa baki. Baba ya ratsa ƙaya ya durƙusa. Bai ko kalli furen ba. Ya laluba ƙarƙashin ganye ya tsinko busasshen kwanso, ya fasa, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu gashin, yana nuna musu mai sumul ɗin da na kawo. Sannan ya tsaya a tsakiya.

"Jama'a, wannan ba Farar Goggo ba ce. Na faɗa muku ita ce, dabbobinku suka mutu. Baƙo ne, bai da suna, yau zan raɗa masa." Ya ja numfashi. "Sunansa Gaggawar Nomau."

Na yi tsalle na kama hannun rigarsa. "Haba Baba! Kwana bakwai ai gado ne, ba kai ka ƙirƙira ba. Haka kakanni suka yi!"

Ya ce, "Kakanni ba su durƙusa a fadamar nan ba, ni na durƙusa. Kuma in ka ce wa makiyayi laifin kakanni ne, zai gyaɗa kai ya wuce. Nomau kuwa sun san shi, sun san awakin da ya ci. Sake mini riga."

Gwadabe ya karɓi goro ya fasa, ya ce, "Allah ya raya suna, ya kashe mai sunan." Da ya ga na zabura sai ya nuna fadama da baki. "Tsiron nake nufi, ɗan Nomau, mai da wuƙar." Wasu suka yi dariya, wasu suka share hawaye. Iya Lantana kuwa ta juya. Ta naɗe igiyar akuyarta a hannu sau biyu, ta ja ta suka koma gida. Washegari ta tsaya a ƙofar zaure ta yi gaisuwarta, Baba ya fito ya amsa.

Tun daga ranar ba a yin sunan tsiro a Kwalfa sai kwansonsa ya bushe an fasa. Irin da na kawo mai sumul muka shuka a fadamar gabas, da shi aka fita wannan rani da ƙyar. Baba ya yi shekara biyu ya rasu, ni na gaji aikin, kuma na ƙara sunaye shida, ba wanda na raɗa a ƙasa da kwana hamsin.

Mai gashin bai ƙare ba har yau, kowace shekara sai ya leƙo a wani lungu. Ina zaune a zaure da rani sai in jiyo wani makiyayi daga nesa yana ƙwala wa ɗan'uwansa kira, "Kai, janye ta daga nan! Gaggawar Nomau ce!" Waɗansu makiyayan ba a haife su ba lokacin da Baba ya rasu, ba su san ko wane ne Nomau ba. Har gobe in na ji sai zuciyata ta yi zafi. Sai in tashi in leƙa, in ga an janye akuyar.

Iyakar abin da na gani ke nan. Inda na ƙara, Allah ya yafe mini, inda na rage, ya cika. Wanda ya ji kuma, ya yi wa Nomau addu'a.